Arduino ko Raspberry Pi don aikin ban ruwa

Ƙanena, ka tambaye ni wanne za ka ɗauka tsakanin Arduino da Raspberry Pi don sarrafa injin ban ruwa. Tunda da ƴan sashen noma za ku haɗa aikin nan, ɗauki Arduino Uno, wato ɗan allon lantarki da ake rubuta wa shiri yana sarrafa na'ura, kada ka wahalar da kanka.

Nawa yana nan har yau. Shekararmu ta ƙarshe ta karatu a Harobanda, unguwar jami'a a Yamai, mu huɗu muka yi aiki da shi: ni ɗan lantarki, wani ɗan kanikanci, da ɗalibai mata biyu masu karatun noma a Jami'ar Abdou Moumouni. Muka kafa shi a wani lambun albasa bakin kogin Isa. A tunanina, da ƙasa ta bushe sai injin ruwa ya tashi, shi ke nan. Ɗaya daga cikinsu ta ce ba haka ba ne. Saiwar albasa ba ta nisa, don haka kada mu binne abin auna laimar can ƙasa, kuma in cira ta kusa a janye ruwa, in ba haka ba ta ruɓe wajen ajiya. Da yake shirin Arduino gajere ne, ita da kanta ta ja kujera ta canza lambobin. Wallahi ranar na san aikin ya zama namu mu huɗu.

Uno yana da ƙofofi 6 da ke karanta irin wannan abin awo kai tsaye. In wuta ta ɗauke ta dawo, sai ya ci gaba da aikinsa ba tare da an taɓa shi ba.

Raspberry Pi kuwa na taɓa saye, yana aljihun tebur. Cikakkiyar kwamfuta ce, amma ba ta karanta laima sai an ƙara mata wani ɗan guntu, kuma ɗaukewar wuta na iya lalata katin SD ɗinta, wato katin da take ajiye bayananta. Kada ku ɗauke ta sai dai in kuna son kyamara.

Ka yi hattara da wasu masu shago a nan Yamai. Suna sayar da kwaikwayon Uno a kuɗin na asali. Duba ɗan guntun da ke kusa da bakin USB, in ka ga CH340 to kwaikwayo ne. Yana aiki, amma kuɗin kwaikwayo za ka biya. Je da kwamfutarka ka gwada a gabansu. Abin auna laima kuma kada ka karɓi mai ƙafa biyu na ƙarfe tsirara, tsatsa ke cinye shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Nemi mai rufi, kuma ka tafi da ɗaya daga cikin ƴan noman ku zaɓa tare.