Gargaɗi: Kada ku tura wa “Injiniya” mai tallar kayan haɗa tocilan lesa kuɗinku

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na matasanmu ne na ƙauyukan Ringim, Taura, Garki da Gumel, musamman masu koyon gyaran waya da rediyo, da kuma iyayensu. Akwai wani mutum da ke kiran kansa Injiniya, yana tallar kayan haɗa tocilan lesa a WhatsApp da TikTok. Kada kowa ya tura masa ko kwabo. Wanda kuma kayansa suka riga suka iso, ya zare batir, ya ajiye su inda yaro ba zai kai hannu ba.

Ni mai gyaran rediyo da waya ne, kuma ina jin daɗin ganin yaro yana kwance tsohuwar na’ura don ya ga abin da ke cikinta. Da haka muka koya. Wannan sha’awar ce mutumin nan ya gano a wajen yaranmu, yake cin kasuwa da ita.

Da bidiyo yake farawa. Hannu riƙe da toci, haske kore ko shuɗi ya miƙe cikin duhu, tsinken ashana ya kama, balan-balan ta fashe. Ba a taɓa nuna fuskar mai hannun ba, muryar Hausa kawai aka ɗora a kai. Idan ka yi masa magana sai ya ce ka biya kuɗin fom a saka ka a guruf ɗin horo, daga nan kuma kuɗin kaya. Abin da ya fi jan yara shi ne alƙawarin da yake yi cewa duk tocilan da ka haɗa zai saye ta da riba, wai yana da manoman shinkafa a Haɗeja da Auyo da ke nemansu don korar jan-baki. Wanda ya kawo abokai biyu a rage masa kuɗi. Bayan ka biya sai a ce an ba direba kaya a tasha, amma jami’ai sun tsare motar a hanya, a ƙaro wani abu. Sunan da ke kan asusun da ka tura kuɗin fom daban, na kuɗin kaya daban. A guruf ɗin shi kaɗai ke da ikon rubutu, wanda ya bi shi ta gefe da ƙorafi ya wayi gari an cire shi, an kuma toshe lambarsa.

Yawancin waɗanda suka biya ba su ga komai ba. Ƙalilan yake aika wa kaya, don su ɗauki hoto ya nuna wa na baya a matsayin shaida. Waɗannan ƙalilan ɗin ne suka fi tayar mini da hankali.

Wani yaro ɗan unguwarmu ya kawo mini nasa a baƙar leda, ya ce, “Kawu, duba mini, na haɗa yadda ya ce amma ta ƙi kamawa, sai wani ɗan ja-ja nake gani a ciki.” Na ce, “A ina ka ga ja-jan?” Ya ce ya leƙa bakin tocilan ne. Gabana ya faɗi. Na zazzage ledar a kan teburi: gangar tsohuwar toci ta roba, waya biyu, makunni, batir ɗaya, jan tabarau na roba, sai ɗan dayod, wato ɗan abin da ke fitar da hasken lesa, mai ƙafa uku da ragowar tsohuwar dalma a ƙafafunsa, alamar daga jikin wata na’ura aka ɓamɓaro shi. Batirin an rubuta masa 9900mAh, wato yawan cajin da wai yake ɗauka. Da na ɗaga shi na ji ba nauyi, na yage rigar ledarsa, sai ga tabon walda da tsatsa a kansa. Tsohon batirin kwamfuta ne aka sake wa riga. Batir irin wannan, 18650, na gaske mafi ƙarfi bai wuce wajen 3500mAh ba, nauyinsa kuma wajen giram 45 zuwa 48. Duk inda ka ga 9900 a jikinsa ƙarya ce, kuma irinsu ne ke kumbura ko su kama da wuta a wajen caji.

Abin da babu a ledar shi ne allon daidaita wuta. Dayod ɗin lesa ba ƙwan toci ba ne da za ka jona da batir kai tsaye. Wuta ƙayyadaddiya yake so, idan ta haura kaɗan ya ƙone cikin ƙiftawar ido, zafi ma yana kashe shi idan babu ƙarfen da zai shanye. Masu harkar na gaske sukan haɗa allon da wani ɗan abin daidaita wuta mai suna LM317 da rasista, wadda ke ƙayyade yawan wutar da za ta wuce. Wanda ya ce maka jona ja da ja, baƙi da baƙi shi ke nan, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani yana so kayan su mutu a hannunka ya ce laifinka ne, ka sake sayen wani.

Yanzu ga maganar ɗan ja-jan nan, kuma ina roƙon a karanta wa wanda bai iya karatu ba. A cikin na’urar kwamfuta mai buga faifai akwai dayod biyu. Na DVD ja ne, wajen nanomita 650 (nanomita awo ne da ke nuna launin haske), ido yana ganinsa sosai. Na CD kuwa nanomita 780 ne, ya shiga sashen hasken da ake kira infirared, wanda ido ba ya gani sai ɗan dushi-dushin ja. Mai kallo zai ɗauka dayod ɗin ya mutu ko batir ya yi sanyi, alhali yana iya fitar da ƙarfin da ya ninka na ƙaramar lesar nuni, irin wadda ake nuna rubutu da ita a allo, sau da yawa. Da yake babu haske mai kashe ido, mutum ba zai ƙifta ba, ba zai kau da kai ba, sai ma ya ƙara kusantowa. A ido kuwa dayodin nan biyu kama ɗaya suke, wanda ya ɓamɓaro su don ya sayar ba ruwansa da wanne ya jefa maka a leda.

Ƙwayar ido tana tattara hasken lesa wuri guda a kan tantanin bayan ido, kamar yadda yara ke tattara hasken rana da gilashi su ƙona takarda, kuma tattarawar tana ninka ƙarfinsa wajen sau 100,000. Tantanin nan ba ya jin zafi. Mutum zai iya ƙona shi bai sani ba, sai daga baya ya ga baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla, ko layin rubutu ya riƙa lanƙwashewa. Inda ya ƙone sosai ba ya dawowa, tabarau ba ya gyara shi.

Dalili ke nan da aka raba lesa aji-aji a duniya bisa ƙarfin haskenta, wanda ake aunawa da miliwat (mW). Aji na 2 bai wuce miliwat 1 ba, ƙiftawar ido, wadda ke ɗaukar kamar rubu’in daƙiƙa, tana kare mutum daga gare shi. Aji na 3R ya tsaya a miliwat 5, nan ne iyakar lesar nuni a dokar Amurka. Daga 5 zuwa 500 aji na 3B ne, yana lalata ido kafin ka ƙifta. Abin da ya haura 500 aji na 4 ne, ko hasken da ya daki bango ya dawo yana iya cutarwa, yana kuma ƙona fata. Duk lesar da ta kunna ashana ta wuce miliwat 5 nesa ba kusa ba. Wannan ita ce ake ce wa yaro ɗan shekara 15 ya haɗa a ɗaki, ƙannensa na tsaye a kansa.

Injiniyan yana kuma sayar da haɗaɗɗiyar koriyar lesa ga wanda ba ya son wahalar haɗi, an rubuta mata 50,000mW. Wat 50 ke nan. Batirin 18650 na gaske duka abin da yake ɗauka bai fi wat 12 zuwa 13 na awa ɗaya ba, da lambar gaskiya ce da ya ƙare cikin ’yan mintuna, tocilan kuma ta gagari riƙo don zafi. Lambar ƙarya ce, amma hatsarin na gaske ne. Koriyar lesa mai araha ba kore take haifarwa kai tsaye ba. A cikinta dayod ne mai nanomita 808 ke haska wani ɗan dutse ya fitar da 1064, wani dutsen ya mai da shi kore mai 532. Biyun farko duk ido ba ya ganinsu yadda suke, shi ya sa ake sa matata a bakinta ta tare su. Masu araha sau da yawa ba su da matatar. A 2013 hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada lesar nuni guda 122, ta samu kusan kashi 90 cikin 100 na korayen da wajen kashi 44 na jajayen sun saɓa ƙa’ida. Can ke nan, inda ake sa ido a kan kaya.

Tabarau ɗin da yake haɗowa da shi ya fi rashinsa muni, don yana sa yaro ya saki jiki. Tabarau na lesa na gaske ana rubuta masa nanomitar da yake tarewa da lambar OD, wadda ke nuna yawan hasken da yake ragewa, kuma wanda aka yi don kore ba ya tare ja. Jan tabarau ma jan haske yake bari ya wuce. Na yaron nan ko harafi ɗaya babu a jikinsa.

Batun korar tsuntsaye kuwa, gaskiya ne a Turai akwai na’urorin lesa na korar tsuntsu a gona, amma sun fi aiki da asuba da magariba, da rana tsaka ɗigon ba ya ganuwa sosai. Duk wanda ya taɓa ganin garken jan-baki ya sauka a fadamar Haɗeja ya san ba aikin toci ɗaya ba ne, abin da gwamnati kan tura jirgi ya yi wa feshi. Gonar shinkafa kuma ruwa ne kwance, haske ya dake shi ya karkata inda ba ka nufa ba, kuma yara ne ke tsaron gonakin. Ban ga wanda Injiniya ya sayi tocilansa ko ɗaya ba. Haka nan kada a haska jirgin sama ko direban mota da dare. A Amurka tun 2012 haska jirgi da lesa laifi ne mai ɗaurin har shekara 5, saboda yana ɗauke wa matuƙi gani a lokacin sauka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta hana shi magana. Ya adana rasit da alat da duk saƙonnin murya, ya ɗauki hoton hirarsu kafin a goge, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi a kan asusun da ya karɓi kuɗin. Ku haɗu ku da yawa ku kai wa ’yan sanda ko ofishin EFCC na Kano, ƙarar mutum goma ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Ku sanar da mai unguwa da limami a faɗa a masallaci. Masu POS kuma, don Allah idan ƙaramin yaro ya zo tura kuɗi masu yawa ga sunan da bai sani ba, ku tambaye shi na mene ne. Ku yi hattara da wanda zai kira daga baya ya ce zai karɓo muku kuɗinku idan kun ba shi na mota, galibi su ne dai.

Idan hasken ya taɓa shiga idon wani, a rufe ido ɗaya a kalli rubutu da ɗayan, sannan a sauya, domin lafiyayyen ido yana ɓoye matsalar ɗan’uwansa. In an ga ɗigo, ko hazo, ko lanƙwasa, a nufi likitan ido a ranar, a Asibitin Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse. Kada a ɗiga nono ko ruwan sukari, kada a sa kwalli, kada a sayi maganin ɗigawa a kemis, ciwon yana can bayan ido inda ba sa kaiwa. A tafi da tocilan likita ya gani. Yaron da ya kawo mini nasa mahaifinsa ya kai shi an duba, Alhamdu lillahi ba a samu tabo ba, dayod ɗin ya riga ya ƙone tun jonawar farko.

Mai son koyon harkar da gaske, akwai ƙaramin jan dayod mai miliwat 5 da ke zuwa a kan allonsa, yana aiki da bolt 5, ana samunsa wajen masu sayar da kayan lantarki a Sabon Garin Kano. Da shi da rasista mai jin haske da ƙaramar ƙararrawa za ka haɗa abin da zai yi ƙara idan an gitta ƙofar shago ko garke. Ko shi ba a leƙa bakinsa, a kan farar takarda ake gwada shi. Ka je da ƙafarka ko ka aiki wanda ka sani, a gwada a gabanka sannan ka biya.