Ƙarin Fituwitari: Magani ko Tiyata?

Mace ba ciki ba goyo, amma nono na tsatsafar ruwa, al'ada ta ɗauke. Wani lokacin ƙari ne a fituwitari, wata 'yar halitta mai fitar da sinadarai can ƙasan ƙwaƙwalwa, yake yawaita sinadarin furolaktin, mai sa nono ya kawo ruwa.

Ga irin wannan, magani ya fi. Shan maganin Cabergoline sau ɗaya ko biyu a mako yakan tsuke ƙarin, al'ada ta dawo, har a samu haihuwa. Sai dai akwai jiri da tashin zuciya, kuma shekaru ake yi ana sha, aljihu na ji.

Tiyata kuwa galibi ta hanci ake bi, ba a fasa ƙoƙon kai. Ita ake fara yi idan ƙarin wani iri ne mai kumbura hannu da muƙamuƙi; akan kuma yi ta idan magani ya gaza ido na dushewa. Bayanta wasu kan sha ƙishirwa da yawan fitsari.