Shingen waya mai shokin na sola: ya isa ya kare gona daga namun daji?

Mai noman wake a gefen daji, ko ta Kajuru ne ko Kachia, ya san aikin gada. Da sassafe sai ya tarar an bi kunya an tsinke kan wake tas, ga ƴan sawu masu tsaga biyu a laimar ƙasa. Gadu kuwa tono yake yi, ya barbaza rogo da dankali a dare ɗaya. Abin da aka saba shi ne a kira maharbi ko a ɗana zarge, wasu ma guba suke zubawa. Kafin a kai ga haka ya kamata a duba shingen waya mai shokin, wanda ke aiki da batir da faifan sola. Yana aiki ƙwarai, amma sai a hannun wanda zai kula da shi.

Ƙasashen da ke kafa shi don barewa damuwarsu daban ce da tamu. A Amurka barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa wajen 1900, aka tsaurara dokar farauta, yau ana ƙiyasta ta kai kusan miliyan 30, tana cin amfanin gona tana haddasa haɗarin mota. A Birtaniya an daɗe da ƙarar da kyarkeci, babu mai rage barewa sai mai bindiga. Shi ya sa suke ta muhawara, a ƙara harbi ne ko a koma allurar hana haihuwa. Mu nan namun ƙarewa suke yi. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari ya zama gandun ƙasa a 1999, doka ta hana farauta a cikinsa, amma gwanki da kankin da dattawa ke ba da labari, yara da yawa ba su taɓa sa su a ido ba. Hujjar "sun yi yawa, a rage su" ba ta da gindin zama a Kaduna. Korar dabba ake so, ba kisa ba.

Na'urar da ke ba shingen wuta tana sakin ta ne bugu-bugu, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, mai ƙarfin bolt dubbai amma na ɗan ƙiftawar ido, don haka tana gigita dabba ba ta kashe ta. A lura, ba irin wadda ake ɗaurawa a katangar gidajen Barnawa ba ce. A nemi ta gona, mai aiki da batir na bolt 12. Kar a ruɗu da kilomitocin da aka rubuta a kwali, an auna su ne a waya ɗaya tilo da ciyawa ba ta taɓa ba. A duba jul ɗin da take fitarwa, wato ma'aunin ƙarfin kowane bugu. Ga hekta ɗaya, jul 1 zuwa 2 ya wadatar, da faifai na wat 20 zuwa 30.

Hekta mai tsawo da faɗi daidai, kewayenta mita 400 ne. Layi biyar na waya ke nan mita 2,000, turke 80 idan an sa tazarar mita 5. Waya mai kaurin milimita 2.5 da ba ta tsatsa ta fi igiyar roba mai zaren ƙarfe, wadda ranar Maris ke busarwa ta tsinke. Masu walda a Panteka za su yanka turakun ƙarfe, na itace kuwa gara ce abokiyar gabarsu. Kowace waya sai ta zauna a kan robarta, kar ta taɓa turke. Tsayin layuka daga ƙasa: santimita 15, 30, 50, 75, 105. Na ƙasan su ne masu aiki, domin gada da gadu kutsawa suke yi ta ƙarƙashi, ba kasafai suke tsalle ba.

Inda yawancin shinge ke mutuwa shi ne rodin ƙasa. Wutar ba ta bugun dabba sai ta ratsa jikinta, ta bi ƙasa ta koma na'ura. Wanda ya kafa guntun rodi ɗaya a busasshiyar jar ƙasa zai ce an sayar masa da jabu, alhali laifin nasa ne. A kafa aƙalla uku, kowane mita 2, tsakaninsu mita 3, a wuri mai laima, a haɗa su da waya guda a ɗaure da noti. Gwajin yana da sauƙi: a jingina wasu ƙarafa a jikin shingen kamar mita 100 daga na'ura, a auna rodin ƙarshe da abin awon wuta. In ya wuce bolt 300, a ƙara rodi. Daga Disamba zuwa Maris ƙasarmu kan bushe ƙayau, to sai a riƙa zuba ruwa a gindin rodi, a kuma cire layi na biyu da na huɗu daga wuta a haɗa su da rodin ƙasa, yadda dabbar da ta cusa kai za ta taɓa mai wuta da na rodi lokaci guda. Abin awon wuta wajibi ne a saye tare. In shinge ya sauka ƙasa da bolt 4,000, gashin dabba zai tare bugun.

Akwai dabarar da manoman Amurka ke yi da man gyaɗa mai kauri, mu kuma muna da tunkuza. A shafa ta a ƴar takardar gwangwani, a maƙala a waya mai wuta duk mita 10. Dabba ta kai hanci, ta sha bugu a wuri mafi laushi, ba ta sake kusantowa. A kunna shingen tun kafin shuka ta tsiro, kar kuma a kashe shi ko na dare ɗaya, domin tsoro ne kawai ke tsare gonar.

Damina na da nata. Ciyawa mai raɓa da ta taɓa layin ƙasa tana zuƙe wuta, sai an bi gindin shinge da lauje kowane mako. Tsawar farkon damina na ƙona na'ura, don haka a sa mata abin karkatar da tsawa. Lokacin hunturu ƙura kan rufe faifai, batir ya mutu cikin dare, daidai lokacin da ake buƙatarsa. A goge shi duk kwana biyu. Ɓarayin batir ma suna nan, akwatin ƙarfe da kwaɗo ba almubazzaranci ba ne.

Kar a saye shi don gyazbi ko kurege, ta ƙasa za su wuce. Birai kuma in akwai reshe a kusa, sun sami hanya ta sama, sai an sare shi.

Abu biyu ba a wasa da su. Kar a sa shokin a waya mai ƙaya, mutum ko dabba na iya maƙalewa. Kar kuma a taɓa jona shinge kai tsaye da wutar gida ko janareto, wannan kisan kai ne. A rataya allunan gargaɗi da Hausa, a sanar da mai unguwa da makiyayan da ke maƙwabtaka kafin a kunna, kuma a ja shingen baya daga burtali da hanyar rafi.