Ajin ƙarfe mai nauyi da ajin gina tsoka a wani gidan motsa jiki na Zoo Road

Gidan motsa jikin nan da ke wajen Zoo Road a Kano ya raba masu rajista gida biyu: akwai ajin masu ɗaga ƙarfe mai nauyi, akwai kuma ajin masu gina tsoka. Kuɗin da ake biya a wata iri ɗaya ne, amma tun a teburin karɓar baƙi za a tambaye ka wanda kake so, kamar dai ba a haɗa su. Na yi atisaye a duka biyun, kuma a ganina wannan rabon shi ne babban raunin gidan.

Ajin ƙarfe mai nauyi ya fi samun koyarwa ta gari. Sandar da suke amfani da ita irin ta gasa ce, mai kilo 20, kuma suna da ƙananan faifai masu kilo 1.25, abin da ba a cika samu ba a wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa, inda ake zuba siminti a gwangwani. Amfanin waɗannan faifan shi ne mutum ya riƙa ƙara kilo 2.5 kacal a kan abin da ya ɗaga a baya, maimakon ya yi tsalle zuwa nauyin da zai ji masa ciwo a ƙugu. Atisayen uku ne ginshiƙi: tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, tura shi daga ƙirji a kwance bisa benci, da ɗago shi daga ƙasa. Ana yin sau biyar ko ƙasa da haka a kowane zagaye, sannan a huta minti uku zuwa biyar. Kocin ba ya barin sabon shiga ya ɗora faifai sai ya ga gadon bayansa a miƙe yake, kuma na ji yana ce wa wani matashi, "Ƙanena, sauke, ƙarfen ba ya gudu."

Sai dai wanda ya zo don ya ga damtsensa ya cika riga zai iya karaya a nan. Ƙarfin da ake samu a makonnin farko, akasarinsa daga jijiyoyi ne da ke koyon sarrafa tsoka, shi ya sa nauyi ke hawa alhali jiki bai sauya sosai ba. Girman tsoka ya fi bin yawan aikin da aka ba ta a mako, muddin ana kaiwa kusa da gajiya, kuma sau biyar ɗin nan ba ya wadatar da damtse da gefen kafaɗa da sha-raɓa.

Wannan giɓin ne ajin gina tsoka ke cikewa, inda ake yin sau 8 zuwa 12 da matsakaicin nauyi, ana bin tsoka ɗaya bayan ɗaya. Tsarin ba shi da laifi, kulawa ce ta yi kaɗan. Bayan sallar la'asar wurin cika yake yi, ana layi a gaban madubi, kowa ƙirji da damtse, cinya kuwa an bar ta marainiya. Ga kuma tallar garin furotin mai tsada da ake cusa wa yara, alhali kimanin giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana ya wadatar, kuma ana iya haɗa shi daga wake, ƙwai, awara, kindirmo, kifi da kilishi.

Manyan masu gina jiki ma ba su yi irin wannan rabon ba. Ronnie Coleman, wanda ya ci gasar Mr. Olympia sau takwas daga 1998 zuwa 2005, ya yi tsuguno da kusan kilo 360.

Wanda zai yi rajista ya zaɓi ajin ƙarfe mai nauyi, sannan ya nemi izinin ƙarasa atisayensa da minti ashirin a ɗaya ɓangaren. Kocin yana yarda idan an tambaye shi. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa gara a je bayan asuba, domin da zarar an ɗauke wuta da yamma fankoki tsayawa suke yi, kuma ba kullum ake tayar da janareta ba.