Madubin hangen nesa mai lamba 8x42: gwaji a bakin Kogin Kaduna

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da shamuwa ke barin ƙasar Hausa, wasu tsuntsayen suna isowa daga Turai bayan sun ƙetare Sahara. Da yawa daga cikin masu kiwo a taɓo suna nufar bakin teku ne, kamar gaɓar Banc d'Arguin ta Muritaniya, amma wasu sukan yada zango a Kogin Kaduna idan ruwa ya fara janyewa ya bar yashi. A wannan lokaci na gwada madubin, a gefen kogi ta wajen filin shaƙatawa na Gamji da ke garin Kaduna.

Lambar 8 tana nufin yana kusanto da abu ninki takwas, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma wannan faɗin shi ne babban amfaninsa. Tsuntsu da sassafe yake fitowa kiwo, kafin gari ya gama wayewa, kuma a wannan ɗan haske ƙaramin madubi mai 8x21 duhu kawai yake nunawa, alhali wannan ya nuna mini farin fuskar kirinjijiya da baƙin layin da ke kan zalɓe sarai. Ƙananan tsuntsayen Turai da ke gudu a bakin ruwa suna kaɗa jela su ne gwajin gaske, domin kusan duk launin ƙasa ne, sai an ga launin ƙafa da tsawon baki ake bambanta su. Matuƙar suna tsallaken da nake, madubin bai gaza ba. Hoton ba ya rawa a hannu kamar na mai ninki goma, kuma bin tsattsewa a sama bai yi wuya ba.

Iyakarsa ita ce nisa. Abin da ke can tsallake sai dai a yi hasashe, saboda haka mai niyyar zuwa bakin teku ko dausayin Haɗeja da Nguru ya tanadi babban madubi mai ƙafa uku. Igiyar wuyan mai 8x42 ɗin siririya ce, gara a sauya ta.

Idan hazo ya sauka, a busa ƙurar gilashin kafin a goge, kada a yi da gefen riga. A kuma guji nuna shi wajen gada ko barikin soja. Ga mai fara kallon tsuntsaye a Kaduna, na ga ya cancanci kuɗinsa.