Shafin Holocaust Encyclopedia: Abin da Malamin Tarihi a Kaduna Zai Samu a Ciki

Malamin sakandare ko ɗalibin tarihi a Kaduna da ke son sanin abin da sojojin Jamus da ƙawayenta suka yi wa Yahudawa a ƙasashen da suka mamaye lokacin Yaƙin Hitila, da wuya ya sami littafi kan batun a kanti. Shafin Holocaust Encyclopedia, na gidan tarihin tunawa da kisan Yahudawa da ke Washington a Amurka, ya rage wannan wahala ƙwarai. Kyauta ne, ba sai an yi rajista ba, kuma ana karanta shi da Turanci, Faransanci ko Larabci. Babu Hausa, kuma wannan babban rashi ne.

A riƙa nema da sunan gari ko ƙasa, domin bayanin a warwatse yake. Wanda ya rubuta Babi Yar zai ga yadda rundunar SS ta jam'iyyar Hitila da 'yan sandan Jamus, da haɗin bakin sojoji, suka harbe Yahudawa 33,771 a wani kwazazzabo mai wannan suna a gefen Kiev, babban birnin Ukraine, cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba 1941. Sai a nemi ƙasar Sabiya (Serbia), inda sojojin Jamus da kansu suka riƙa harbe mutum ɗari kan kowane sojansu da aka kashe, kuma mazan Yahudawa na cikin waɗanda suka fara ɗiba. A birnin Odessa na Ukraine, sojojin Romaniya ne suka kashe dubun dubatar Yahudawa a Oktoba 1941 bayan bam ya tashi a hedikwatarsu. Amma fa a kula da rubutun suna: Kiev shi ne Kyiv, Salonika na ƙasar Girka shi ne Thessaloniki. In ɗaya bai fito da komai ba, a gwada ɗayan.

Inda mai karatu ya fi saurin zamewa shi ne batun Italiya. Gaskiya ne hafsoshin Musolini, shugaban Italiya na lokacin, sun ƙi miƙa Yahudawa ga Jamusawa a yankunan da suke riƙe da su a Kuroshiya, Girka da kudancin Faransa, suna ta jan ƙafa har zuwa Satumba 1943. Wanda ya tsaya nan zai ɗauka hannunsu a wanke yake. Ba haka ba ne. Tun 1938 Italiya ta kafa dokokin wariya kan Yahudawa, kuma a 1942 ta kwashe kimanin 2,600 daga gabashin Libiya zuwa sansanin Giado, inda yunwa da zazzaɓin kwarkwata suka kashe fiye da 500. Dole malami ya haɗa bayanin Italiya da na Arewacin Afirka da kansa, ya ɗora da Tunisiya, inda Jamusawa suka saka Yahudawa wajen 5,000 aikin tilas tsakanin Nuwamba 1942 da Mayu 1943. Wannan ɓangaren ya fi kama hankalin ɗalibanmu, don ƙasashen ba baƙi ba ne a kunnensu.

Taswirorin shafin sun fi komai amfani a aji, saboda suna nuna wa ke riƙe da wane yanki a wace shekara. Sai dai bidiyo da taswirori masu motsi suna cin data, kuma suna tsayawa in sabis ya yi rauni. Gara a buɗe rubutun tun a gida, a adana shi a waya, a kai shagon kwamfuta a buga kwafi ɗaya, sauran a yi hoto. Sashen Larabci bai kai na Turanci yawa ba, don haka malamin da ya dogara da shi zai rasa wasu batutuwa. Wasu hotunan na gawarwaki ne a ramuka. A duba su tukuna kafin a nuna wa yaran da ba su kai aji huɗu na sakandare ba.