Na'urar awon hawan jini ta batir: tana aiki, amma maɗaurinta ya ɓata min rai

Ita kanta na'urar ba ni da ƙorafi a kanta. Irin ta damtse ce mai cin batir huɗu, lambobinta manya, dattijo zai karanta ba sai ya nemi tabarau ba. An gwada ta tare da ta asibiti a hannu ɗaya, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Maɗaurin da aka sako a kwalin ne matsalar. Na santimita 22 zuwa 32 ne, mai shagon kuma bai ce uffan ba. Dattijuwar da aka saya dominta mai jiki ce, damtsenta ya wuce wannan. Idan maɗauri ya yi wa hannu kaɗan, sai an hura iska fiye da ƙima kafin jijiyar ta matsu, lambar da za ta fito kuwa ta fi ta gaskiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho mai shan maganin hawan jini. Zai ga lamba ta hau, ya ƙara ƙwaya da kansa, jinin ya yi ƙasa, jiri ya kwashe shi a banɗaki. Da aka samo babban maɗauri na 32 zuwa 42, lambar sama ta sauko, ba a taɓa maganin ba. Don Allah kafin ku biya kuɗi, ku zagaya tsakiyar damtsen mai ita da tef ɗin tela.

Awon ma yana da ƙa'ida. A yi fitsari tukuna, a zauna minti 5 an jingina baya, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, maɗaurin a kan fata. Ba magana. Goro, kofi da taba a bar su minti 30 kafin nan. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin shan magani da kuma dare, har kwana 7, a rubuta a kai wa likita. A asibiti 140/90 ne iyaka, a gida 135/85. A jikin tsofaffi lambar sama ce ta fi hawa saboda jijiyoyi sun yi tauri, don haka kada kyan ta ƙasa ya ruɗe ku.

Da na so in ce kowa ya saya, sai na tuna takardar bayanin. Rubutun ƙanana ne ainun, kuma ba a fito da ma'anar alamar zuciyar da ke bayyana a gefe ba. Tana nufin bugun ba ya tafiya daidai, abin da kan zo da tsufa kuma yake iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Idan ta yawaita fitowa, likita ne zai duba. Batir mai rauni kuma yana katse hura iskar a tsakiya.

Sannan na'ura ba ta rage gishirin miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da yaji. Maganin ciwon gwiwa irin diclofenac da ibuprofen da tsofaffinmu ke saye a kemis shi ma yana ɗaga jini. Idan na'urar ta nuna 180/120 ga ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, a tafi asibiti nan take.

Zan sake sayenta, amma sai an buɗe kwalin a gabana na ga girman maɗaurin.